Marsandi C300: Tsohuwar Fuska ko Sabuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na daɗe ina tara kuɗi don in sayi Marsandi C300, yanzu sun kusa cika. Dillali ya nuna mini guda biyu, 'yar 2010 da 'yar 2013, kuma tazarar kuɗinsu ba kaɗan ba ce. Abokaina masu son mota sun rabu gida biyu. Wasu sun ce mota ɗaya ce, fitila da bomba kawai aka canza, in sayi tsohuwar in kai a sa mata sabuwar fuska in riƙe canjina. Wasu kuma sun ce 'yar 2013 wata mota ce daban. Wa ke da gaskiya a cikinsu? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya cika buri. Wannan gardamar ba a majalisarku aka fara ta ba. Tun ranar da Mercedes-Benz ya fito da motar da gyaran fuskarta masu son Marsandi a Jamus da Amurka suke yin ta. Ni ina tare da rukuni na biyu, sai dai ba don fitilar ba. Abin da ya raba motocin nan biyu yana cikin gida da ƙarƙashin bonet, wuraren da mai gyaran jiki ba ya iya taɓawa.

Motar da kake magana a kai ita ce zubin da kamfanin ke kira W204. Ta fito a 2007, ta shiga kasuwar Amurka a matsayin 'yar 2008, aka ci gaba da ƙera ta har 2014. Al'adar kamfanonin Jamus ce idan mota ta yi shekara uku zuwa huɗu a kasuwa sai su yi mata kwaskwarima don ta iya jure gasa kafin sabon zubi ya iso. W204 ta samu tata a farkon 2011, aka nuna ta a bikin baje kolin motoci na Detroit a watan Janairu, kuma kamfanin ya ce ya sauya kaya sama da 2,000 a jikinta. A nan akwai abin lura: a Turai an fara sayar da mai sabuwar fuska tun cikin 2011, amma a lissafin Amurka sabuwar fuska daga 'yar 2012 ta fara. Tun da yawancin C300 da ke shigo mana ta Legas da Kwatano 'yan Amurka ne, lissafinsu zan bi.

Fara da waje, inda abokanka na farko suka tsaya. An canza fitilun gaba, suka samu lanƙwasa a ƙasansu, an canza bomba gaba da baya, danja ta koma ta LED, bonet kuma ya koma na alminiyam. Shi ke nan. Ƙofofi da rufi duk suna nan yadda suke. A kan wannan ne ra'ayi ya fi rabuwa, kuma ba na ganin laifin kowa. Akwai masu cewa tsohuwar fitila mai miƙaƙƙen layi ta fi dacewa da jikin motar, domin jikin kansa mai kusurwoyi ne, sabuwar kuma kamar an aro ta daga wata mota. Akwai masu cewa tsohuwar ta tsufa da wuri. Ni tsohuwar fuskar ta fi kwanta mini, musamman ta nau'in da ake kira Sport mai babban tauraro a tsakiyar hanci. Amma wannan son rai ne, ba abin da za ka biya ƙarin kuɗi ko ka ƙi biya saboda shi ba.

Buɗe ƙofa ka zauna, a nan gardama take mutuwa. Dashbod ɗin 2008 zuwa 2011 shi ne abin da aka fi sukar motar a kansa tun tana sabuwa: roba mai tauri, wadda in ka ƙwanƙwasa da yatsa za ka ji ƙarar da ba ta dace da kuɗin Marsandi ba. Allon rediyo yana ɓoye a ƙarƙashin wani murfi a saman dashbod, a masu babban allo ma wani ɗan moto ne yake turo shi waje in an kunna. Abin yana burge yara, amma bayan shekara goma sha da ƙurar hunturu ta shige shi, za ka same shi ya maƙale a rabin hanya ko yana ƙara kafin ya fito. A gyaran 2012 an zubar da wannan gaba ɗaya. Allon ya zauna daram a ƙarƙashin rumfa ɗaya da agogon gudu, aka shimfiɗa doguwar ƙawa ta katako ko alminiyam har gaban mai zaman banza, aka sa sabon sitiyari, tsakiyar agogon ya samu ɗan allo mai launi, robar kuma ta yi laushi. Aka ƙara na'urori na taimakon direba, irin wadda take lura da yadda kake riƙe sitiyari ta gargaɗe ka in ta ga alamar gyangyaɗi. Ga mai yin Zariya zuwa Abuja da daddare, wannan ba ado ba ne. Ko masu kare tsohuwar fuska da ƙarfi ba su cika musun cewa cikin sabuwar ya fi ba, kuma ka tuna cewa kai a ciki za ka zauna, fitilar mutanen titi ne za su kalla.

Sai inji, kuma a nan nake so ka nutsu, domin sunan da ke maƙale a but yana ruɗin mutane da yawa. C300 ta 2008 zuwa 2011 tana ɗauke da inji mai silinda shida, lita 3.0, wanda ake kira M272, ƙarfin doki 228. Da aka yi gyaran fuska, C300 ta 2012 ta zo da sabon jiki da sabon dashbod amma da wannan tsohon injin. Sai a 2013 aka sa mata sabon inji M276, lita 3.5, ƙarfin doki 248, duk da sunanta bai tashi daga C300 ba. Yayarta C350 ita ce ta samu sabon injin tun 2012, ƙarfinta ya tashi daga 268 zuwa 302. A shekarar ce kuma aka shigo da C250 mai silinda huɗu, lita 1.8 da turbo, ƙarfin doki 201. Kenan 'yar 2010 da 'yar 2013 da aka nuna maka, inji biyu ne daban, ba ma iyali ɗaya ba.

Wanne ya fi? M276 ya fi ƙarfi, ya fi saurin amsa totur, kuma bai fi tsohon shan mai ba duk da girmansa, domin yana fesa mai kai tsaye cikin silinda da matsi mai tsanani. Wannan fasahar tana da farashinta a wajenmu. Famfon matsin da nozul ɗinsa ba sa haƙuri da mai mai datti ko mai ruwa, kuma canza su yana da tsada. In kai mai sayen galan ne wajen 'yan bumburutu duk lokacin da layi ya yi tsawo, wannan injin ba zai yafe maka ba. Na farko-farkonsa kuma suna da wata 'yar ƙarar sarƙa ta daƙiƙa biyu ko uku in an tayar da su da safe, wadda take fitowa daga abin da ke ɗaure sarƙar tayimin. Ana gyara ta, amma gara ka ji ta kafin ka biya. M272 shi kuma tsohon hannu ne, yana fesa mai ta hanyar da kowane bakaniken Marsandi ya saba da ita, kayansa sun cika kasuwa. Za a ba ka labarin matsalar haƙorin da ke cinyewa a cikinsa har sai an sauke inji, amma wannan ta injinan farko ce, an magance ta tun kafin a kai 2010. Abin da ya fi damun sa yanzu shi ne wani ɗan hannun roba a jikin manifol, wato bututun da ke kai iska cikin inji, da ke karyewa ya kunna fitilar inji. C250 kuwa, in wani ya kawo maka ita da sunan ta fi sauƙin mai, ka yi taka-tsantsan: sarƙar tayimin ɗinta da gyarorin kamshaf sun yi suna wajen lalacewa, kuma an fi samun su sun sha wuya a hannun masu jinkirin juye.

Wani abu da dillali ba lallai ya faɗa maka ba: a Amurka, C300 ta 2012 zuwa 2014 duk 4MATIC ce, wato tayoyi huɗu ke ja. 'Yar 2010 kuwa ana samun mai jan baya kaɗai. 4MATIC tana da daɗi a damina, amma tana son tayoyi huɗu masu girma ɗaya da cinyewa kusan ɗaya. Mai canza taya ɗaya-ɗaya da ta gwanjo yana wahalar da abin da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya, shi kuma a cikin giyabos yake zaune. Giyar otomatik ɗin duka biyun mai hawa bakwai ce, amma ta sabuwar an sake mata aiki, ta fi santsi wajen canji. Man giyarsu ma ba ɗaya ba ne: na tsohuwar ja ne, na sabuwar shuɗi, kuma an fara wannan sauyin tun wajajen tsakiyar 2010. Kada ka bari a zuba maka da ka, a duba da lambar shasi.

To, shawarar sayen tsohuwa a sa mata sabuwar fuska fa? Ana yi, kuma masu yi sun ƙware, har sai ka matso kusa za ka gane. Za a canza fitilu, bomba, bonet da danja, a yi fenti. Abin da za ka samu shi ne 'yar 2010 sanye da rigar 'yar 2013. Dashbod yana nan, inji yana nan, giya tana nan. Yawancin fitilun da ake sawa ba na kamfani ba ne, suna yin gumi a ciki da damina, haskensu da daddare bai kai na asali ba, kuma sau da yawa kwamfutar motar ba ta gane su, sai ta riƙa rubuto maka cewa ƙwai ya mutu alhali yana ci. In mai wayarin ɗin ba gwani ba ne, ya yanka nan ya ɗaure can da salatif, ka sayi ciwon kai da kuɗinka. Ranar sayarwa kuma duk wanda ya san mota kuɗin 2010 zai taya. Ban hana wanda motarsa ta yi karo a gaba ya zaɓi sabuwar fuska wajen gyara ba, tun da dole ne ya sayi kayan. Amma a kwance lafiyayyar fuskar kamfani a sa ta kasuwa, wannan asara ce.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi damuna a tambayarka: ka tabbata 'yar 2013 ɗin da aka nuna maka 'yar 2013 ce. Leƙa ta gilashin gaba a gefen direba, lambar shasi mai harafi da lamba 17 tana nan a ƙasan gilashin. A motar Amurka, na goma shi ne shekara: 8 na nufin 2008, 9 na nufin 2009, A 2010, B 2011, C 2012, D 2013, E 2014. Wannan ƙa'idar ba ta aiki a kan wadda aka yi don kasuwar Turai. Ka gwada lambar da wadda ke jikin ginshiƙin ƙofar direba da ta takardun kwastam. Ka ɗora maganaɗisu a bonet: na alminiyam ba ya kamawa, ko da yake ana iya samo na asali a ɗora wa tsohuwa, don haka dashbod da lambar shasi su ne shaidu na gaskiya. Fitilar LED a bomba ba shaida ba ce, wasu 'yan 2010 da 2011 sun zo da ita daga kamfani.

Akwai kuma cututtukan da gyaran fuska bai warkar ba. Makullin sitiyari na lantarki yana mutuwa a duka biyun, ka sa ki motar ta yi shiru kamar ba batir. Ƙarfen da ke riƙe da ƙafafun baya yana ruɓewa daga ciki a motocin da suka zauna a jihohin da ake zuba gishiri a titi saboda ƙanƙara, don haka sai an ɗaga motar an buga shi da guduma an ji. Tsohuwar tana da ƙarin guda ɗaya: wayar danjarta tana zafi har ta narkar da soket, abin da ya sa kamfanin ya kira 'yan 2008 zuwa 2011 gyara a Amurka a 2014. Buɗe but ka zare soket ɗin, in ka ga baƙi ko ƙuna ka san ba a yi gyaran ba.

In kuɗinka ya kai, kuma za ka iya tsayawa a kan gidan mai ɗaya da ka yarda da shi, sayi 'yar 2013, ƙarin kuɗin yana da dalili. In ka ci karo da 'yar 2012 mai lafiya, kada ka raina ta, domin ita ce ta haɗa sabon ciki da injin da ya fi haƙuri da yanayinmu. In kuma sayen 'yar 2013 zai kwashe komai ya bar ka ba na juye da taya, ɗauki 'yar 2010 ka bar mata fuskarta. Kowacce ka zaɓa, ka ce wa dillali kada a tayar da ita kafin ka iso da safe, ka zo da bakanikenka da na'urar da ke karanta kwamfutar Marsandi, ku ji tashinta na farko da sanyin inji.