Abincin Nowe: ga abin da na gani a Bergen

Ɗan'uwa da ka ce ka samu gurbin karatu a Nowe kana tambayar me suke ci, kuma ko musulmi zai iya rayuwa da abincinsu, ni na yi shekara uku a Bergen, to ka kwantar da hankalinka, yunwa dai ba za ta kashe ka ba, sai dai harshenka zai yi kewar yaji.

Abincinsu na gargajiya kusan duk na tanadi ne saboda tsawon hunturu, ko a zuba gishiri ko a kyafe ko a shanya, kuma kowane yanki da nasa. A can arewa, tsibiran Lofoten, daga Fabrairu zuwa wajen Mayu za ka ga kifi rataye a kan katakai iska na busar da shi ko gishiri babu, sunansa tørrfisk. Wallahi shi ne fa wannan busasshen kifin da Inyamurai ke cewa okporoko, Yarbawa su ce panla, kawunansa ma Najeriya ake lodo su. Ranar da na fara shaƙar warinsa sai na ji kamar ina cikin kasuwar Sabon Gari.

Yammacin ƙasar inda na zauna su masu tumaki ne. A garin Voss akwai smalahove, kan rago ne ake babbakewa a raba biyu a sa gishiri a kyafe, sannan a dafa a kawo maka da dankali, ido na kallonka. Sauran baƙi na ta yatsina fuska, ni kuwa na ce ai mu da kai da ƙafa muka tashi. Lokacin Kirsimeti kuma pinnekjøtt, haƙarƙarin rago busasshe, sai an jiƙa shi ya kwana gishirin ya ragu kafin a turara. Wanda na fi so shi ne fårikål, naman rago da kabeji da masoro ba a daka ba, a bar shi kan wuta awa biyu zuwa uku, shi ke nan. Ni nakan sayi naman a shagon halal in dafa da kaina in jefa attaruhu, maƙwabciyata wata dattijuwa ta ɗanɗana ta ce na ɓata musu abinci amma sai da ta ƙara.

Inda za ka buɗe ido sosai: duk inda ka ga svin ko flesk alade ne. Ribbe na mutanen gabas alade ne zalla, lutefisk kifi ne amma da soyayyen naman alade ake yawan kawo shi, haka raspeballer, wani curin dankali da suke yi. Ka tambaya, ba sa jin haushi. Akevitt giya ce, kuma a wajen Trøndelag in an ce karsk kar ka ga kofi ka miƙa hannu, da barasa a ciki. Kofi zalla kam suna shan shi kamar ruwa.

Brunost kuma, cuku ne ruwan ƙasa mai zaƙi kamar alewar madara, satin farko ban iya ba, daga baya kullum shi nake yankawa siriri kan burodi in tafi da shi makaranta. Ka taho da yajinka da kuka da daddawa, kilishi kuwa bar shi a gida don ba a yarda a shiga da nama daga Najeriya ba.