Hannun ɗana na rawa, miyau na zuba: iska ce ko cuta?

Tambaya: Likita, ɗana mai shekara 16 hannunsa na rawa, harshensa ya yi nauyi, miyau na dalala. Ya taɓa yin shawara, yayarsa kuma ciwon hanta ne ajalinta. Auren zumunci muka yi da mahaifiyarsa. A ƙauyenmu an ce iska ce. Daga wani uba a karkarar Ringim.

Amsa: Malam, Allah ya jiƙan 'yarka, ya ba yaron lafiya. Sai an gan shi za a tabbatar, amma abin da ka lissafa ya wajabta a binciki cutar Wilson, wadda likita Kinnier Wilson ya bayyana a 1912.

Akwai tagulla kaɗan a abincinmu, hanta ce ke fitar da rararta ta ruwan maɗaciya. Mai wannan cuta hantarsa ba ta iya wannan aiki, sai tagullar ta taru, ta ɓata hantar, ta kai ga ƙwaƙwalwa. Daga nan rawar hannu da nauyin harshe suke, wani har halinsa ya canza, shi ya sa ake ɗora wa iska. Gadon cutar ake yi, kuma sai an gado daga uwa da uba duka, alhali su lafiyarsu ƙalau. Auren zumunci na ƙara yiwuwar haka, amma ba laifin kowa ba ne.

Ka nemi takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Likitan ido zai duba da na'ura ko akwai zobe mai ruwan ƙasa a gefen baƙin ido. Kusan duk wanda cutar ta taɓa wa ƙwaƙwalwa yana da shi. Za a auna seruloplasmin, sinadarin da ke ɗaukar tagulla a jini, a tara fitsarin awa 24 a auna tagullar ciki.

Cutar tana da magani. Penisilamin da tirayentin na fitar da tagulla ta fitsari, zinc kuma na hana hanji tsotsarta. Wani lokacin rawar kan ƙaru a farkon shan penisilamin. In ka ga haka, ka koma wurin likita, kada ka dakatar da maganin da kanka. Sauƙi kan ɗauki watanni, magani kuwa har ƙarshen rayuwa ne, domin barinsa na iya kashe hanta. Ya guji cin hanta, ya rage gyaɗa da cakulan.

Abin da ya fi damuna sauran 'ya'yanku ne. Kowannensu na da haɗarin ɗaya cikin huɗu. Ka kai su gwaji ko da ba sa ciwo, don wanda aka fara wa magani kafin alamu su fito yakan tsira daga su.