Bizar ziyara ga matar aure 'yar wata ƙasa

Malam, ka tambaya ko takardar aurenku ta isa a ba matarka, wadda 'yar wata ƙasa ce, bizar yawon buɗe ido domin ta zo ta gaida danginka na 'yan makonni. Ba ta isa ba, hasali ma auren kan sa jami'in ofishin jakadanci ya ƙara sa ido, domin fargabarsa ita ce ta shigo ta ƙi komawa. Dokar Amurka, alal misali, tana ɗaukar mai neman irin wannan biza a matsayin mai niyyar zama har sai ya tabbatar da akasin haka.

Saboda haka ku fi ba da ƙarfi ga abin da zai mayar da ita gida: wasiƙar wurin aikinta mai ɗauke da ranar da hutunta zai ƙare, bayanan asusun banki na watannin baya, da shaidar cewa can kuke zaune tare, idan haka ne. Makudan kuɗin da suka faɗa asusun ana gobe za a miƙa takardu zargi kawai suke jawowa. Kada ta kuskura ta ɓoye auren a fom ko wajen ganawa, domin ƙarya kan jawo haramcin shiga na shekaru. Ku duba fasfonta kuma, domin ƙasashe da dama suna bukatar ya rage masa aƙalla wata 6.