Shamrok: Wace Shuka Ce Ke Jikin Tambarin Mutanen Ayalan?

Tambaya: Malam, ina yawan ganin wani koren ganye mai kunnuwa uku a rigunan 'yan wasan Ayalan da jikin jiragen Aer Lingus. Wace shuka ce, kuma shi ne tambarin ƙasarsu?

Amsa: Ɗan'uwa, sunan ganyen shamrok, daga kalmar "seamróg" ta harshen mutanen Ayalan, ma'ana ƙaramar kulba (clover a Turance). Kulba ciyawa ce mai yaɗo, dangin wake da gyaɗa, kuma irinsu tana ƙara wa ƙasa taki ta saiwarta.

Abin da ya fi burge ni shi ne, babu shuka guda da za ka nuna ka ce ita kaɗai ce shamrok. A 1893 wani masanin tsirrai, Nathaniel Colgan, ya roƙi jama'a daga sassan ƙasar su aiko masa da "shamrok na gaske". Ya dasa su, ya jira suka yi fure, sai ga iri daban-daban. A 1988 wani masanin tsirrai kuma, Charles Nelson, ya sake gwajin: kashi 46 cikin ɗari suka aiko da Trifolium dubium mai ƙaramin fure rawaya, kashi 35 kuma Trifolium repens mai farin fure, sauran 'yan iri kaɗan. Dalili kuwa a fili yake. Ranar 17 ga Maris ake tsinko shi, ranar bikin Waliyyi Patrick, lokacin ciyayin ba su fidda fure ba, duk kamanninsu ɗaya. A ganina babu wanda ya yi kuskure a cikinsu, domin al'ada ce ta raɗa sunan tun kafin masana su zo su rarrabe.

Ana cewa Patrick, wanda ya yi wa'azin Kiristanci a Ayalan a ƙarni na 5, ya yi amfani da ganyen wajen bayyana aƙidar Triniti: Uba, Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Sai dai ba a samu wannan labari a rubuce ba sai a 1726. Af, Katolikan Najeriya ma Patrick ne waliyyinsu majiɓinci.

Game da tambari kuwa, a hukumance ba shamrok ba ne. Tambarin ƙasar wani kayan kiɗa ne mai tsirkiya da yawa da ake kira hap, shi ne a fasfo da tsabar kuɗinsu. Kada kuma ka haɗa shamrok da ganye mai kunnuwa huɗu da Turawa ke camfawa da sa'a. Na Ayalan uku ne.