Malam, in na rubuta hujjar Descartes da hannuna, imanina bai taɓu ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce 'yar aji biyu a nan Sakkwato. A kwas ɗin falsafa an ɗora mana rubuta sharhi na kalma 300 duk mako, mu kuma yi wa abokan aji biyu raddi. Makon jiya Descartes ne, masanin falsafa ɗan Faransa, wurin da yake shakkar komai. Yayana ya ce duk wanda ya rubuta irin wannan da hannunsa ya saki hanya. Tsoro ya sa na cika takardar da nasiha, aka ba ni maki 3 cikin 10. Ya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗiyata. Ukun nan ma an tausaya miki ne. Abin da ake so kaɗan ne: ki faɗi da'awar mutumin da kalmominki, ki kawo dalilinsa da lambar shafi, sannan ki nuna inda ya yi rauni. Kalma 300 ba ta da wurin gaisuwa ko tarihin haihuwarsa. Raddin abokan aji kuwa, "Masha Allah, kin yi ƙoƙari" ba raddi ba ne.

Maganar yayanki ce ta dame ni, don duk zango sai na ji ta. Ɗalibi ya ji guntun wa'azi a WhatsApp, ya shigo aji yana maimaita "man tamanɗaƙa faƙad tazandaƙa", wai wanda ya karanta manɗiƙi, wato ilimin ƙa'idojin kafa hujja, ya zama zindiƙi. Ka tambaye shi ma'anar ƙadiyya, wato jimlar da ake gina hujja da ita a manɗiƙi, sai ya kama sosa ƙeya.

Saɓanin yana nan, ba na ɓoye shi. Ibnus Salah da Nawawi sun hana karatun manɗiƙi, kuma Sullam, littafin manɗiƙi na Akhdari, wanda ake biyawa a zaurukanmu, shi da kansa ya kawo wannan kafin ya rinjayar da halacci ga mai lafiyayyen hankali da ya san Alƙur'ani da Sunna. Shehu Magili, da ya zo Kano zamanin Muhammadu Rumfa, sai da ya yi musayar baitoci da Suyuɗi yana kare fannin. A ƙasar nan tamu ma, Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ta wajen 'yarsa Khadija, wanda ya rasu a 1864, an san shi da rubutu a kan hikima da ilimin hankali. Shi ma ya saki hanyar ne?

Imam Gazali, da masu wannan tsoro ke fakewa da shi, kafin ya rubuta Tahafutul Falasifa ya rushe masana falsafa irin su Ibn Sina, sai da ya yi littafi guda, Maƙasidul Falasifa, yana zayyana ra'ayinsu dalla-dalla. Wanda bai san inda ɗan dambe ke ɗaure hannu ba, ta ina zai kauce wa naushi? Malaman fiƙihu ma sun daɗe da cewa mai hakaito kafirci ba kafiri ba ne.

Abin dariyar ma, Descartes ɗin da ake tsoratar da ke da shi, a littafinsa Meditations na 1641, shakkar a babi na farko take. A babi na uku hujja yake kafawa cewa akwai Ubangiji. Yayanki, da girmansa, bai kai shafin ba.

To ki koma ki zauna. Descartes ya ce mai mafarki ma gani yake a farke yake, don haka ba ki da tabbacin yanzu ba mafarki kike ba. Ki rubuta wannan da ƙarfinsa, yadda in ya karanta zai ce "haka nake nufi". Daga nan ki tambaye shi: in bai taɓa farkawa ba, ta yaya ya san akwai wani abu wai shi mafarki? Kalma 150 gare shi, 150 gare ki. Ki kai wa malamin naku ofis kafin ranar miƙawa ya duba.