Ku Tambaya Mu Amsa: Hutu a garin Alanya na Turkiyya

Tambaya: Assalamu alaikum. Maigidana zai je Istanbul sarin kaya, yana so ni da yara uku mu bi shi, daga can mu wuce Alanya mu huta mako guda. Wane wata ya fi, kuma ta ina ake bi? Daga wata uwargida a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Alanya na bakin Tekun Bahar Rum ne a kudancin Turkiyya, cikin lardin Antalya. In da hali ku je a Mayu, farkon Yuni, ƙarshen Satumba ko Oktoba. Yuli da Agusta, wato lokacin dogon hutun makaranta, su ne suka fi tsada da cunkoso. Zafi kan wuce digiri 33, kuma kada ki ce ai mun saba a Kano, domin na can da laima yake zuwa, gumi ba ya bushewa a jiki. Daga Disamba zuwa Fabrairu kuwa ruwan sama ake yi, teku ya yi sanyi, otal-otal da dama na bakin ruwa a rufe suke.

Filayen jirgi biyu ne ke kai mutum garin. Na Gazipasha ya fi kusa, kimanin kilomita 40 ta gabas. Na Antalya ya fi yawan jirage, amma tafiyar mota ce ta awa biyu ko fiye, kuma motar kamfanin da ke sauke fasinja otal-otal tana iya kai ta awa uku. Da yara, Gazipasha ya fi sauƙi ko da tikitin ya ɗan ɗara. Ku duba tikitin da kyau tun a gida, don Istanbul ma filaye biyu gare ta: babban da ke ɓangaren Turai, da Sabiha Gokcen a ɓangaren Asiya. Mutum kan sayi tikiti mai araha, sai ya je wannan ya tarar jirginsa daga wancan zai tashi. Agogonsu na gaban namu da awa biyu. Biza kuwa a fara nemanta da wuri, fasfon kowa ya kasance da sauran aƙalla wata shida.

Tambaya: Na ji an ce akwai otal na halal a can. Gaskiya ne mace za ta iya shiga ruwa ba tare da maza ba? Daga wani magidanci a Damagaram.

Amsa: Gaskiya ne, Malam, kuma yankin Alanya na cikin wuraren da suka fi irin waɗannan otal a Turkiyya. Sai dai kalmar halal a talla ba abu ɗaya take nufi ba. Wani otal giya kawai ya hana. Wani yana da wurin iyo na mata a rufe, ma'aikatansa duk mata, har waya ake karɓewa a ƙofa don kada a ɗauki hoto. Kaɗan ne ke da gaɓar teku da aka killace wa mata zalla; a sauran, gaɓar ta kowa ce, mace sai ta shiga da rigar iyo mai rufe jiki. Don haka kafin ka biya, rubuta musu ka tambaya dalla-dalla: wurin matan a buɗe yake ga rana ko a cikin gini, ya kai har teku ko a'a, kuma ɗa namiji ɗan shekara nawa ake bari ya shiga da mahaifiyarsa. Wannan ta ƙarshen ce ke yawan jawo rigima, uwa ta zo da yaro a mayar da shi daga ƙofa.

Sai ka duba taswira. Otal da yawa masu amsa sunan Alanya ba a cikin gari suke ba, suna Konakli ne, ko Avsallar, ko Okurcalar, wasu fiye da kilomita 25 daga tsakiyar gari. Wasu kuma babban titin Antalya ya raba su da teku, sai an bi ta hanyar ƙarƙashin ƙasa. Nama ba abin damuwa ba ne sosai, ƙasar Musulmi ce, masallatai kuma ko'ina.

Tambaya: Yarana ba su iya ruwa ba. Wace gaɓa ce ba ta da haɗari? Daga wata mai karatu a Kaduna.

Amsa: Wadda ta fi suna ita ce gaɓar Kiliyofatara, amma ba ita za mu zaɓa miki ba. Taku kaɗan ruwan ya yi zurfi, igiyarsa kuma da ƙarfi in iska ta taso. Ki kai su Injekum, kusa da Avsallar: rairayinta mai laushi ne, zurfin kuma a hankali yake ƙaruwa. In kin ga jar tuta, ba a shiga. Robar da ake hurawa ba ta maye gurbin idon babba, iska ma kan ja ta zuwa ciki. Lambar gaggawa 112 ce.

Tambaya: Ni ba mai son wanka ba ne. Akwai abin gani?

Amsa: Sosai. Garin na jingine da wani dutse mai tsayin kusan mita 250 da ya kutsa cikin teku, a kansa akwai ganuwa mai tsawon kimanin kilomita 6. Sarkin Saljuƙawa (wata tsohuwar daular Turkawa Musulmi) Alaeddin Keykubad ne ya ci garin a 1221, ya gina Jar Hasumiya mai kusurwa takwas a 1226, tsayinta mita 33, ga kuma maƙerar jiragen ruwa mai zaure biyar kusa da ita. Kada ka hau dutsen da ƙafa da tsakar rana. Akwai keken igiya, wato ɗan ɗakin da ke rataye a igiyar ƙarfe yana kai mutane saman dutsen, da aka buɗe a 2017, yana tashi daga wajen gaɓar Kiliyofatara. Ka hau bayan la'asar, ka yi magariba a masallacin Sulaimaniyya da ke sama. A gindin dutsen akwai kogon Damlatash, wanda masu fasa dutse don aikin tashar jirgin ruwa suka gano a 1948. Ana cewa iskarsa na sauƙaƙa asma, amma mai ciwon ya tafi da maganinsa.

Jiragen yawo da aka yi wa ado kamar na 'yan fashin teku kiɗa ne da rawa tun tashi har dawowa. Mai iyali ya tambayi jirgin da ba kiɗa, ko ya tafi kogin Dim, inda ake cin gasasshen kifi a kan dakalin katako bisa ruwa mai sanyi.