Amsa ga Kawu kan kifin da muke mayarwa ruwa

Kawu, Allah ya ƙara maka lafiya. Na ga tambayarka bayan hoton nan da ya zagaya dangi, inda ka ce ba ka gane yadda ɗan masunta zai kama kifi kamar cinya ya sake shi ba, ko Amurka ce ta sauya mana hali. Tambayar ta cancanci amsa a tsanake, tunda daga bakin wanda ya san ruwa ta fito.

Mu Hausawan da ke zaune a Miniyafolis da Sen Fol, a jihar Minisota, ba mu da yawa, masu zuwa kamun kifi a cikinmu kuwa ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Karo-karo muka yi muka sayi ƙaramin jirgi mai inji. Ranar Asabar bayan sallar Asuba mukan jawo shi a bayan mota, tafiyar kamar awa ɗaya zuwa garin Red Wing da ke bakin kogin Misisifi. Sama da garin kaɗan akwai madatsa ta 3, cikin jerin waɗanda injiniyoyin sojan Amurka suka gina a shekarun 1930 don manyan jirage. A watan Maris da Afrilu kifi yakan hauro daga tafkin Pepin don zubar da ƙwai, madatsa ta tare shi, sai ya taru a ƙasanta. A farkon lokacin yawancin tafkuna ƙanƙara ce, amma ruwan wannan yanki ba ya daskarewa, har da taimakon ruwan ɗumi da tashar lantarki ta Prairie Island ke sakowa. Doka kuma ta yarda a yi fatsa a wurin duk shekara, alhali a yawancin ruwayen jihar sai tsakiyar Mayu ake buɗe kamun kifin da muke nema.

Iri biyu muke nema, walai da soga, 'yan gida ɗaya ne. Walai ya fi girma, launinsa zinariya-zinariya, da farin tabo a ƙasan jela. Soga bai kai shi ba, jikinsa dabbare-dabbare, da ɗigon baƙi jere a fiffiken bayansa. Dole mutum ya iya bambanta su kafin ya jefa a akwati, domin dokar mafi ƙarancin tsawo a kan walai take. Idonsu akwai wani faifai a ciki mai mayar da haske, shi ya sa suke gani a duhu da gurɓataccen ruwa, suke lafewa a ƙasa. Tun 1965 Minisota ta ayyana walai a matsayin kifin jiha, kuma mutanen nan suna ji da shi ƙwarai.

Ka tambaya ina birgi, ina taru. Babu, Kawu. Wanda aka kama da koma yana ɗibar wannan kifi ya shiga uku, tara ce mai nauyi, wani lokaci har a ƙwace kayan aiki. Fatsa kaɗai ce, ita ma tana da nata ilimi. Ƙugiya ce mai kan dalma, a soka mata ɗan ƙaramin kifi a matsayin koto, a sake ta har ta taɓa ƙasa. Mai riƙe da inji yana sarrafa jirgi ya tafi daidai da gudun ruwa, don zaren ya tsaya a miƙe sak. Idan ya karkace, ƙugiya ta tashi daga inda kifi yake, ka yi aikin banza. Kana ɗagawa kamar taki ɗaya, kana saukewa a hankali. Cizon ba fizga ba ne, ɗan "tak" ne kawai kake ji a yatsa, ko ka ji zaren ya yi nauyi. Ga sanyi yana cin hannu har zare na daskarewa a zoben sanda. Shayi mai citta a fulas shi ne abokin tafiya, rigar ceto kuwa ba mai shiga jirginmu sai da ita, don ruwan Maris ba ya ba wanda ya faɗa lokaci.

Maganar sakin kifi. Kowannenmu yana sayen lasisi duk shekara daga hukumar kula da albarkatun ƙasa ta jiha, kuma jami'anta suna zagayawa da jirgi suna aunawa. A wannan yanki kifi 4 mutum zai ɗauka a rana, walai da soga a haɗe. Walai da bai kai inci 15 ba sai ya koma, wanda ya wuce inci 20 kuwa ɗaya tak aka yarda. Wanda ka gani a hoton mace ce, cikinta cike. Babbar mace ɗaya takan zubar da ƙwai sama da 100,000, kuma ko da doka ta ba ni ita, zuciyata ba ta ba ni in yanka ta a watan haihuwarta. Kai ne ka fara nuna mini cewa a Argungu ana hana su a Matan Fada har sai ranar biki, kuma ba wanda ke cewa Sarkin Ruwa ya zalunci kowa. Bambancin da na yarda da shi shi ne, masunci a gida da kifin yake ciyar da iyali, mu kuwa albashi ke ciyar da mu. Ba zan ce wa mai neman tuwon dare ya yi abin da nake yi ba. Amma mai ƙoshi da ya kwashe uwayen kifi ba shi da uzuri.

Sayarwa ma haramun ce a dokarsu, don haka abin da muka kawo rabo ake yi, a fara da gidan da aka yi haihuwa ko mai mara lafiya. Turawa sukan yanke tsokar gefe biyu su zubar da sauran, mu ba ma iya kallon haka. Kai da ƙashi farfesu suke zama, tsokar a soya da yaji. Fara ce, ba ƙarni, ƙaya kaɗan. Masu juna biyu da yara ƙanana dai ana taƙaita musu, saboda hukumar lafiya ta yi gargaɗi kan sinadarin makuri mai guba da ke taruwa a jikin manyan kifaye.

Idan Allah ya nufa zuwanka ya tabbata, ka daidaita shi da Afrilu. Baƙo ma ana sayar masa da lasisin 'yan kwanaki. A gaida Inna da sauran mutanen gida.